Wuyan Matar Mai Aski

Mijina mai aski ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerar mai aski ya san abin da nake nufi idan na ce surutu na aura. A layinmu Rediyo ake ce masa. Mutum zai shiga shagonsa a rage masa suma, ya fito da tarihin kakan maƙwabcinsa, da dalilin tsadar tayar mota, da shawarar yadda zai shirya da surukarsa. Ya dawo gida kuma bai gaji ba. Ina kan keken ɗinki, allura a bakina, shi yana tsaye a kaina yana ba ni labarin kawunan da suka ratsa ta hannunsa tun safe. Nakan ce, "Malam, don Allah ka bar bakin nan ya sha iska." Sai ya ce, "Tela, ke kina da keke, ni ina da baki. Kowa ya taka nasa."

Shekara uku da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A shago abin ya same shi, almakashi a hannu. Da aka sallamo mu daga asibiti, ƙafa ta tafi, hannu ya tafi, murya kuma ta koma iska. Ba ta tafi gaba ɗaya ba. Idan yana kwance rigingine, kansa a ƙasa, akwai 'yar raɗa da ke fitowa, siririya kamar zaren da ya kusa tsinkewa. Da an tayar da shi zaune numfashi yake gajarcewa, raɗar ta ɓace. Don haka mai son jin sa dole ya sunkuya a kan gado, ya karkata kai, ya kai kunne har leɓensa ya taɓa shi. Ko an yi hakan ma ba kowa ke ganewa ba. Babban ɗanmu, wanda muke kira Injiniya, ya gwada ya haƙura. Auta, 'yarmu da ke zaune tare da mu, idan ya ce ta rufe taga sai ta kawo masa ruwa. Ni kaɗai nake ji, don na sha wannan bakin shekara da shekaru, ko rabin kalma ya furta na san inda ta nufa.

Kada a ɗauka ciwo ya rage masa surutu. Ina! Mai hali ba ya fasa halinsa. Yana kwance yana jin duk abin da ke wucewa ta bayan taga, ya san wa ya sayi sabon babur, ya san matar da ta yi yaji. Baƙo ya zo dubiya, kafin ya kai ƙofa Malam ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya, in zo in sunkuya, ya ce mini, "Wanda ya yi masa askin nan a kai shi kotu." In ƙunshe dariya har baƙon ya fita. Haka muke wuni, ya ƙwanƙwasa in sunkuya. Kuma zan faɗi gaskiya, waɗannan shekarun ba su yi mini ɗaci yadda mutane suke zato ba. Da, hirarsa ta kowa ce. Yanzu ta zama tawa ni kaɗai.

Wuyana ne ya fara kawo ƙara. Da fari tauri ne da safe, sai ciwon kai da ke tasowa daga ƙeya, sai wani abu kamar tafiyar kiyashi daga kafaɗa zuwa yatsun hannun dama. Na shafa man zafi, na yi shiru. Zare ya ƙi shiga allura, na ce ido ne. Kofi ya suɓuce mini, na ce santsi ne. Sai wata safiya ina ɗaga shi daga gado zuwa keken guragu, kamar yadda na saba, hannun ya sake shi ba tare da ya yi shawara da ni ba. Malam ya sulale, girarsa ta daki ƙarfen gado, jini ya wanke masa fuska. Na zauna a ƙasa na rungume kansa ina kuka, shi kuma leɓensa na motsi. Na kai kunne, sai na ji yana cewa, "Kin fara aski ke nan."

Washegari Injiniya ya iso daga garin da yake aiki. Yaro ne mai hankali, irin hankalin da ke ba mutum haushi, don ba ka samun inda za ka kama shi. Ya zauna ya ce akwai gidan jinya kusa da wurin aikinsa, na masu irin ciwon Baba, da ma'aikata dare da rana, da injin ɗaga majinyaci. 'Yan uwa sukan je ziyara da yamma su tafi.

"Ziyara?" na ce. "Mijin nawa zan riƙa kai wa ziyara?"

"Mama, yau gira ce. Gobe in kai ne fa?"

"Wa zai ji shi a can? Ka taɓa ganin injin da ke da kunne?"

Ya dubi hannuna da ke kwance a cinyata kamar na aro. A ƙarshe ya ce, "Shi ke nan. A nemi maganin hannun. In ya dawo, kika iya ɗaga shi a gabana, Baba ya zauna. In bai dawo ba, Mama, zan ɗauke shi, ko za ki yi fushi da ni har abada." Na san zai aikata, don taurin kan nawa ne ya gada.

Auta ce ta samo likitan, ta hannun wata abokiyar aikinta. Ba irin likitan allura da wuƙa ba ne, mai gyaran ƙashin baya ne da hannu. Ɗakinsa na saman wani kantin magani, akwai gado mai rami a wajen kai inda mutum ke cusa fuska, da ƙashin bayan roba a rataye kamar kifin da aka cinye. Shi kansa bai girmi Injiniya ba, kuma askin da ke kansa da Malam ya gani da ya zubar da hawaye. Ya tura ni aka ɗauki hoton ƙashi, ya kunna shi a allo, ya ajiye wani hoton a gefensa.

"Mama, wannan wuyan mai lafiya ne. Kin ga 'yar lanƙwasar nan kamar ta ayaba? Ita ke ɗaukar nauyin kai. Wannan kuma naki ne."

Ko ni da ban yi karatun likita ba na gani. Nawa ya miƙe, ya wuce miƙewa, ya lanƙwashe ta ɗaya ɓangaren, kamar hannun riga da aka ɗinka a juye.

"Ga inda jijiyar hannunki ke fitowa, ga inda ta matse. Wane aiki kike yi?"

Na ce ɗinki, tun kafin a haife shi. Ya gyaɗa kai, ya ce ɗinkin ne ya fara ɓarnar, amma akwai abin da ya ƙarasa ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai na tashi na gwada masa a kan gadonsa yadda nake sunkuyawa in karkata kai. Ya dafe goshi.

"Sau nawa a rana?"

"Ɗana, ka san mai aski?"

Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce ba zai yi mini alkawarin wuya sabo ba, a shekaruna ƙashi ba ya jin magana da sauri. Amma in na riƙa zuwa yana gyarawa, ina kwanciya a kan wani ɗan dunƙulen soso da zai ba ni, akwai fatan jijiyar ta samu sarari. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ya ce in ban kiyaye shi ba kada ma in wahalar da ƙafata: wata uku ba sunkuyo, ba keke, ba karkata kai a kan gadon kowa.

Na fito daga wurin nan gaba kura baya siyaki. In na sunkuya, hannu ya mutu, a ɗauke mini Malam. In ban sunkuya ba, yana nan amma ba na jin sa. Na ce wa Auta a mota, "Kada ki faɗa wa babanku." Ta ce to. Kuma ba ta faɗa masa ba. Abin da ta yi shi ne ta kira yayanta a waya tana gyara wa uban zanin gado, ta ce, "Yaya, likita ya ce sunkuyon da take yi wa Baba ne ke kashe mata hannu." Haka mutane suke da majinyaci. Da zarar bakin mutum ya mutu sai a manta kunnensa na nan. Ina daga bakin ƙofa na ga idonsa ya bar silin ya sauka a kaina.

Mun gwada dabaru, kada a ce ba mu gwada ba. Aka ɗora ƙafafun gado a kan bulo don ya yi tsawo, sai ɗaga shi ya gagara, kuma duk da haka sai na karkata. Na durƙusa, na zauna a kujera 'yar tsugunno, na kwanta a gefensa, ko ta ina wuya ne ke biya. Injiniya ya aiko da wata 'yar makirufo da lasifika, muka maƙala masa a wuyan riga. Abin da ya fito shi ne fuuu, fuuu, kamar ana hura wuta. Ashe rabin jin da nake yi ba da kunne ba ne, da ɗumin numfashinsa ne da motsin leɓensa a fatata.

Don haka na fara satar hanya. Auta na fita aiki, sai in je in sunkuya, in ce, "Faɗi da sauri, kafin 'yan sanda su dawo." Kwana biyu ya biye mini. A na uku na kai kunne, na ji ya ja numfashi, ya ce, "Tela, tashi." Sannan ya juya fuskarsa bango.

Na ɗauka wasa ne. Mutumin da ko a cikin barci yana ba da labari, ina zai iya? Na ba shi zuwa azahar. Azahar ta wuce, kwana ya wuce, mako ya wuce. Ya daina ƙwanƙwasa ƙarfen gado. In yana son ruwa ya nuna kofi, in na tambaye shi abu ya matse mini yatsa ko ya girgiza kai. Da na matso da kunne sai ya datse leɓe ya juya. Na lallashe shi, na yi fushi, na ce masa ai wannan wulaƙanci ne, ni ba yarinya ba ce da za a yanke mini abin da zan yi da wuyana. Ko gezau.

Sai na koma yi masa tarko. Na san lagonsa. In shigo in ce, "Ka ji abin da ya faru a gidan mai gyaran firji? Ashe matar nan..." sai in yi shiru in kama ninke kaya. In saci kallonsa, idonsa kamar zai faɗo, maƙogwaronsa na hawa yana sauka, amma bakin a rufe. Har ɗan maƙwabta na kirawo, wanda aka yi wa wani aski mai kama da gonar da awaki suka shiga, na tsayar da shi a gaban gado na ce ya juya. Malam ya dube shi sama da ƙasa, ya rintse ido kamar mai shan magani mai ɗaci. Ranar na shiga banɗaki na yi kuka mai isata, don a nan na gane da gaske yake. Masu cewa shiru ma magana ce ba su taɓa zama da mai aski ba.

Tunda ya rufe mini wannan ƙofar, sai na bi likita sau da ƙafa, da fushi ma nake bin sa. In je in cusa fuska a ramin gado, ya lalubi ƙashin da yatsa, ya ce in saki jiki, sai in ji ƙas! har cikin haƙorina. Ya sa mini wani maɗauri a haɓa yana ja a hankali. Ya koya mini mayar da haɓa baya kamar kazar da ta ga abin mamaki, Auta na dariya. A gida kuma in shimfiɗa bargo a ƙasa kusa da gadon Malam, in sa dunƙulen soson a ƙarƙashin wuya, kaina ya rataya baya. Shi a sama, ni a ƙasa, mu biyu muna kallon silin ɗaya. Akwai wani tabon ruwa a kusurwa da na haddace kamar fuskar ɗana.

A wannan kwanciyar ce na zama mai surutun gidan. Ni da ban iya ba da labari ba, nakan fara daga ƙarshe in manta tsakiya. Na ba shi labarin kasuwa, na likita da askinsa, na mai kawo mana gas da ya yi sabon aure. Wani lokaci in ji gadon na ɗan girgiza, in san dariya yake. Wani lokaci hannunsa mai lafiya ya sauko ta gefen gado, in ɗaga nawa in riƙe. Nakan ce masa, "Ka tara mini duka. Kada ka zubar da ko ɗaya. Ranar da aka sake ni sai ka biya ni har da na ɗan maƙwabta." Ya matse mini yatsa.

Kiyashin ya fara barin yatsuna. Ciwon ƙeya ya ragu. Wata rana na ɗauki allura don in gwada kawai, zare ya shige a karo na farko. Da wata ukun suka cika Injiniya ya zo, ya tsaya ya harɗe hannu kamar mai duba gini. Na sa hannu a ƙarƙashin hammatar Malam, baya a miƙe, gwiwa a lanƙwashe yadda aka koya mini, na ɗaga shi na ajiye a keke ko girgiza bai yi ba. Na mayar da shi. Na ce, "A ƙara?" Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba ya zauna, Mama." Ya fita waje ya daɗe, da ya dawo idonsa ja.

Washegari na koma wurin likita aka sake hoto. Ya jera tsohon da sabon. Ba a samu ayaba ba, amma wuyan ya daina kallon inda bai kamata ba, har da 'yar alamar lanƙwasa ta daidai. Ya fi ni murna. Ya ce zan iya sunkuyawa kaɗan-kaɗan, in dafa hannu a katifa, in riƙa hutawa, kada in mayar da shi sana'a. Ban tsaya jin ƙarshen bayanin ba. A mota ji nake kamar in sauka in tura ta.

Na shiga ɗakin ko mayafi ban cire ba. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan ƙafafunsa. Na ce, "Malam, an sake ni. Wallahi ba dabara ba ce, ga Auta ka tambaye ta." Auta ta ce, "Gaskiya ne, Baba, likita ya yarda." Ya daɗe yana duban ta, ya dube ni. Sannan ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado.

Na dafa katifa, na sunkuya, na kai kunnena inda ya saba zama. Na ji ya ja numfashi. Na ji leɓensa na motsi a fatata, da sauri, kamar mai tsoron kada a katse shi. Ɗumin na nan, motsin na nan, amma babu komai a ciki. Zaren nan siriri da nake kamawa in bi, babu shi. Na ce, "A hankali, sake faɗa." Ya sake. Na juya ɗaya kunnen. Na cire matashin na kwantar da kansa sosai, na ba shi ruwa, na sa Auta ta kashe fanka ta rufe taga. Ya yi ta ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Daga baya likitansa na asibiti ya ce wataƙila 'yar muryar da ta rage ta mutu ne don an daina amfani da ita, wataƙila kuma ciwon ne ya ci gaba, da ma za ta tafi ko an yi shiru ko ba a yi ba. Ya ce ba wanda zai iya rantsewa. An kawo mai koyar da magana ta yi iyakar yinta. Ni dai abin da na sani, garin neman gira mun rasa ido, kuma har yau ban san wa zan yi wa fushi ba. Yaron yana da gaskiya, likitan ya yi aikinsa, Malam kuma don ni ya yi. Baƙin cikin da ba shi da mai laifi ya fi kowanne nauyi, don ba inda za ka sauke shi.

Amma a ranar ban san duk wannan ba. Abin da na sani shi ne ya gama wata doguwar magana, ya saki numfashi, ya zuba mini ido yana jira. Wata uku yana tara mini, ga shi ya kawo, yana so ya ga ta isa. Ban taɓa yi masa ƙarya a kan ji ba, in ban gane ba nakan ce ban gane ba. Ranar na kasa. Na ɗago na yi dariya, na ɗan bugi kafaɗarsa, na ce, "Kai dai Malam ba ka rabuwa da shirme."

Fuskarsa ba ta yi dariya ba. Ya ci gaba da kallona, a hankali idon ya cika, hawayen ya gangara ta gefe ya shige kunnensa. Ashe ba abin dariya ya faɗa mini ba. Ya gane ban ji ba, ni ma na gane ya gane.

Na ce, "Yi haƙuri. Sake faɗa, zan ji." Na mayar da kunnena. Ya ɗora hannunsa a ƙeyata, a daidai inda aka gyara, ya riƙe ni a nan. Bai ƙara motsa leɓensa ba.